Ko Duka, Ko Babu

Daren kasuwar Gujungu batir ya mutu.
Ni kaɗai a ofishin ƙungiya, ɗaki ɗaya, rufin kwano,
ina tura kuɗin riɗin Tabawa
daga asusun ƙungiya zuwa nata.
Na danna. Ƙaramar fitila ta yi ja, ta ɗauke.

Da hantsi rana ta hau faifan sola,
kwamfuta ta farka kamar ba ita ba.
Dubu tamanin da huɗu sun tashi daga nan,
ba su sauka can ba.
Suna ina? A tsakani,
wurin da ba shi da rumfa a kasuwa,
ba shi da mai unguwar da za a kai wa ƙara.

Tabawa ta zo da jika a goye.
Ita ta shuka riɗin, ita ta kakkaɓe, ita ta sheƙe.
Na juya mata allo. Ta dube shi, ta dube ni.
Ta ce, Iliyasu, ban yi boko ba,
amma kaza in ta tsallake danga
ko tana gidan nan ko tana wancan.

Kwana uku ina bin rasit da biro
kafin in iya haɗa ido da ita.

Ran Juma'a Bashari ya zo daga Dutse
da rumbunan bayanai biyu a aljihun riga.
Ya ce duka kyauta ne, duka a buɗe,
mai so ya leƙa har hanjinsu.
Wannan gudu gare shi, kamar ɗan acaɓa ya hango hadari.
Wancan sai ya fara rubuta niyyarsa a littafi
kafin ya taɓa ko kwabo,
shi ya sa yake ɗan jan ƙafa.

Sai na tuna babana a karar awaki.
Mai saye ya taya, a ce albarka,
ya ƙara, a ce albarka,
igiya dai tana hannun mai ita,
kuɗi na kwance a lalitar wancan.
Sai an ce na sallama, sannan igiya ta sake hannu.
In ruwa ya watse kasuwa kafin kalmar,
kowa ya koma gida da abinsa.
Shekara talatin yana dillanci,
bai taɓa sayar da rabin akuya mai rai ba.

Na ce Bashari, bar zancen gudu,
mu nan ba tsere muke ba.
Na sa kuɗin ƙarya a asusun ƙarya,
na danna, na fizge waya daga bango da hannuna.
Sau goma sha ɗaya kowanne.
Mai gudun ya zubar sau biyu bai ce uffan ba.
Ɗayan, duk tashi, sai ya duba littafinsa,
abin da aka sallama ya tsaya daram,
abin da ba a sallama ba ya mai da shi inda ya ɗauko.

Na ce, in ya lalace wa zan kira?
Ya nuna mini dogon jerin gyare-gyare:
mutanen da ban sani ba, a garuruwan da ba zan je ba,
sun riga ni faɗawa ramukan, sun cike.
Duk da haka kowace magariba ina kwafe komai,
in kai gidan Ma'aji, cikin gwangwanin madara.

Bana ma batir ya mutu, tana zaune a benci.
Muka jira rana.
Allo ya dawo, kuɗin na asusun ƙungiya cif,
ko naira ba ta motsa ba.
Na sake dannawa. Suka shiga.

Ta karɓa, ta lashi yatsa,
ta ƙirga sau biyu a gabana,
ta ƙulle a haɓar zane.