Kaset Huɗu a Kwalin Takalmi

Idan na rufe shago a Agege,
na kakkaɓe zare daga gwiwar wando,
hayaniya ba ta tsayawa a bakin ƙofa.
Har ɗaki take rako ni:
ihun kwandasta, Oshodi! Oshodi!
kukan keken ɗinkina,
da jirgin ƙasa mai tsaga kasuwa biyu
kamar almakashi cikin atamfa.

Legas ba ta san sannu ba.
Janareton maƙwabci na tari,
na gaba da shi na amsa masa,
sauro na kiɗa nasa a kyauta.
Sai in watsa ruwa, in zauna da singileti,
in jawo kwalin takalmi daga ƙarƙashin gado.
Kaset huɗu ne a ciki,
da biron naɗe zare in rediyo ta tauna.

Yaran shago na dariya: Baba Sallau,
waya ɗaya fa tana cin waƙa dubu!
Na sani.
Ba yawan rijiya ke kashe ƙishirwa ba.

Na farko garaya ce, ba suna,
rubutun ya bi ruwa
daren da kwata ta shigo mana ba sallama.
Wani tsoho ne ke kaɗawa, ba ya sauri,
kamar mai tsinkar zogale a inuwa.
Kafin ya kai tsakiya kafaɗuna sun sauko,
na manta da Hajiyar da ta ce
na ɓata mata leshi.

Na biyu Baba Akanni mai gyaran agogo ya bar mini
da zai koma Abeokuta.
Jita ce da ganga mai magana ƙasa-ƙasa.
Shekara ashirin da uku ina garin nan,
Yarbancina bai wuce na ciniki ba,
amma na tsinci kalma guda a ciki,
jeje, jeje,
ita nake tsotsa kamar alewa.

Na uku cuta ce.
A cunkoso na saya, a kan doguwar gada,
yaro na gudu yana miƙo shi ta tagar danfo,
ya rantse babban mawaƙi ne.
Na zo gida na kunna,
ba mawaƙi, ba amshi,
sarewa ce kaɗai tana yawo
kamar saniyar da ta ƙoshi.
An sha yi mini wayo a garin nan,
wannan ne kaɗai na sa wa albarka.

Na huɗu kuwa
ba na taɓa shi sai daren Juma'a,
zarensa ya yi siriri, ina tattalinsa
kamar sauran turare a kwalba.
Kukuma ce, ba ma wata gwana ba.
Sai dai a baya, kusa da ƙarshe,
wani hannu ya taɓa danna jan maɓalli,
kiɗan ya yanke,
ga ƙarar ludayi a bakin tukunya,
ga ruwa na dukan kwano,
ga Barmani:
Sallau, rage abin nan, yaro na barci.
Sai 'yar dariya. Sai kukuma ta dawo
kamar ba abin da ya faru.

Yaron yanzu yana jan Keke a Ikeja,
har gemu ya tsiro masa.
Ita damina shida ke nan
tana kwance inda ba a jin janareto.

Can unguwa ta kaure da shewa, an kawo wuta.
Fanka ta motsa, ta yi tunani, ta juya.
Ni ban kunna fitila ba.
Na miƙa hannu cikin duhu,
na murɗa maɓalli a hankali.
Na rage, Barmani.