Wata Bakwai Bayan Nélida

Wata bakwai da binne ki, Nélida,
kwamfutar nan ba ta ji labari ba.
Da safe in na buɗe ta
don in ga jirgin da zai shigo Valparaíso,
sai ta miƙo mini gashin kanti,
baƙi, ja, mai lanƙwasa, da ragin kashi talatin,
irin wanda muka nema daren da likita ya ce
maganin zai zubar da naki.

Mu biyu ne a ɗaki ran nan.
Na rufe taga, na saki labule,
ke da bakinki kika ce ko 'yarmu kada ta ji tukuna.
Ashe akwai na uku a kan tebur,
ba ya ƙifta ido, ba ya tari,
ya kwashe kukanmu ya auna a mudu.

Shekara tara ina cewa kyauta suke ba mu.
Banza ba ta kai zomo kasuwa.
Ni da na tsufa ina ƙirga buhuna a tashar jiragen ruwa,
ban lura ni ake lodi ba.

Ran Asabar na naɗe ta cikin rigar sanyinki,
na shiga akwatin ƙarfen nan mai hawa tudu,
yana kuka kamar gwiwata,
har Cerro Cordillera, bayan shagon mai gyaran takalma,
inda yara ke taruwa da sukudireba da shayi.
Wata Yasna Huenchul, baƙin mai a farcenta,
ta ɗaga filasha kamar ɗan yatsa, ta ce,
"Don Evaristo, in na soka wannan komai zai tafi.
Me za mu tserar?"

Na ce hotunan Chiloé.
Yadda ake miyar kifi, wadda kika rubuta da kuskure uku.
Da muryarki, daƙiƙa goma sha ɗaya,
kina faɗa na bar gas a kunne.

Ta ce sunan sabuwar Linux.
Tukunya ce marar murfi,
kowa na iya leƙawa ya ga abin da aka zuba.
Na ce ni ban iya leƙen ba.
Ta yi dariya: "Dubbai sun iya,
kuma ba sa ga maciji da juna.
Wa zai saka guba a gabansu?"
Ta ɗora mini burauza mai hoton yanyawa, jelarta wuta,
ta toshe ƙofofin 'yan leƙen asiri ɗaya bayan ɗaya.
Na zaro kuɗi, ta ce in kawo burodi mako mai zuwa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, an sha wuya.
Firinta ta yi yaji kwana huɗu.
Na nemi maɓallin kashewa a inda ba ya nan.
'Yarmu ta ce tsufa ne, wa ya damu da sirrin ɗan fansho?
Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Ta ce to.

Yanzu allon shiru.
Jirgi, iska, tsayin igiyar ruwa, shi ke nan.
Babu gashi, babu ragi.

Ga abin da ban gaya wa Yasna ba.
Jiya na zauna har shayi ya huce,
ina jiran tallar nan.
Duk garin nan, ita kaɗai ta rage
da ke zaton kina raye,
kina gaban madubi kina cewa jan ya yi yawa.

Sai na buɗe farin shafi,
na rubuta sunanki, da wasu abubuwa.
Na adana.
Karon farko tun daren can,
mu biyu ne a ɗaki.