Faifai Ɗari Uku

Baba ya sayar da motarsa a shekarar sittin da biyar,
bayan masana'antar gilashi ta sallame shi.
Gareji ya zauna wayam a ƙarshen layinmu a Toledo,
sai tabon baƙin mai a siminti
da warin tsohuwar taya.
Mu muka gaje shi.

Mu huɗu ne.
Dezso mai jita, da ya iya kamun waya iri uku rak,
na huɗun ya ce sai ya tara kuɗin koyo;
Casimir a bakin makirufo,
murya kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa;
Lorne dogo, jitarsa na gurnani daga can ƙasan ciki;
sai ni Ilona, 'yar shekara sha shida,
bayan gangunan da na saya bashi
wajen matar wani makaɗin biki da ya rasu.

Tsatsa muka raɗa wa kanmu,
don ita kaɗai ke haɓaka a unguwar.

Mun manne bango da kwalin ƙwai, bai hana komai ba.
Tsohuwa Borbala ta kira mana 'yan sanda sau tara,
a na goma ta aiko da miyar kabeji,
wai cikin da ya ƙoshi ba ya ihu.
Ta yi kuskure.

Wata rana lasifikar Dezso ta faɗo daga keke,
takardar cikinta ta yage.
Da ya jona ta, sai ta yi wani kuka
mai ƙaiƙayi, mai ƙura, kamar zarto ya ci ƙusa.
Muka dubi juna.
Ba wanda ya ƙara zancen gyara.

Hunturu guda muna kwashe ƙanƙara a ƙofofin mutane
kafin kuɗin faifai su cika.
Wani mai ɗaukar waƙoƙin coci ya ɗauke mu
a ɗakin bayan shagon kujeru,
auduga a kunnensa, ido a agogo.
Minti biyu da daƙiƙa goma, ba maimaici.
Aka buga ɗari uku.
Rediyo ta sa mu sau ɗaya, ƙarfe biyun dare,
muna tsugune a gareji, bargo ɗaya, numfashi na hayaƙi.
Arba'in da ɗaya muka sayar.
Shida Borbala ce.

Sai takardar soja ta sami Casimir.
Ya tafi Biyetnam da gashinsa a kwandon wanzami,
ya dawo da ƙafa biyu, hannu biyu,
amma ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya fice.
Ban sake taɓa ganga a gabansa ba.
Lorne ya bi manyan motoci zuwa yamma,
Dezso ya ƙare a gyaran firji,
kamu na huɗu bai samu ba har aka binne shi.

Sauran faifan suka kwanta a ƙarƙashin matakala.
Mama ta riƙa zara ɗaya-ɗaya
tana ɗora tukwanen furanni a kai.

Shekara arba'in da wani abu,
wasiƙa ta zo daga Osaka.
Wani saurayi, Tsutomu, ya sayi ɗaya
a kuɗin da ya ninka na motar Baba.
Bai tambayi tarihi ba, bai nemi hoto ba.
Cewa ya yi: a ƙarshen waƙar,
bayan kiɗa ya mutu, akwai abin da ya faɗi,
sannan wani ya yi dariya.
Mene ne? Wane ne?

Na sa tabarau, na zauna a teburin kicin.
Sandata ce ta kuɓuce, na rubuta.
Dariyar kuwa ta Casimir ce,
wata biyar kafin takarda.
Ka riƙe ta da kyau.
Mu nan ba mu da sauranta.