Ɗigo Biyu

A matatar mai ta hanyar Tanut na san shi,
Mushe Wen, ɗan Sin, mai awon ƙasa,
mai shan shayinmu ba sukari.
Ran nan ya buɗe wayarsa
ya nuna mini tsohuwar taswirar garinsu,
takarda ta yi ja kamar tukar goro.
Ya ce, ka ga ɗigon nan?
Ɗakin bautar Buddha ne,
can kakata take kunna turare.
Ruwan madatsa ya shanye shi tun ban yi wayo ba.
Shekara tara ina bin takardu
kafin in same shi.

Ban ce komai ba. Na ƙara masa shayi.

Da dare barci ya ƙi ni.
Iya Cima ce ta dawo mini,
tana ɓarar gujiya, tana cewa
akwai masallacin ƙasa bayan ganuwar Birni,
gindin dutsen nan mai tsaguwa,
inda ubanta ya yi limanci
har muryarsa ta dushe.
Muna yara. Gujiyar muke kallo.

Kyari mai ajiyar takardu
ya zaro mini taswirar Faransawa
daga ƙasan kabad, yana atishawa.
Ga bariki. Ga rijiyoyi, an ƙirga su ɗaya-ɗaya.
Ga Zango, an rubuta shi da hancin baƙo.
Wanda ya zana ta
abin da yake tsoro ya zana,
da abin da zai karɓi haraji a kai.
Kusurwar da nake nema kuwa
gara ta riga ni karantawa.

Sai na tafi da ƙafa.
Duwatsun Damagaram ba su san ƙaura ba,
mai tsaguwar yana nan,
an rubuta lambar wayar wani a jikinsa.
Gindinsa mai faci ne ya kafa rumfa.
Na tambaye shi, ya yi dariya,
ya ce shi tayoyi ya sani.
Har na juya ya kira ni:
in an yi ruwan Agusta mai ƙarfi
wani layin tubali yana fitowa nan,
lanƙwashe, yana duban gabas.
Ya nuna da ƙarfen cire taya.
A kai yake ajiye bokitinsa.

Na cire takalmi, ban san dalili ba.
Ƙasar da zafi.

A kan kwafin da Kyari ya buga mini,
daidai bakin ramin da gara ta bari,
na ɗiga biro.
Na ɗauki hoto na tura wa Wen.
Sai bayan isha'i ya amsa,
da Hausarsa mai ɗingishi:
naka yana sama da ruwa,
je ka zauna.