Koren Ƙyalle

Yadi shida na koren ƙyalle na sayo a Kasuwar Dole.
Ma'azu tela na daje bakinsa ya tambaya
ko makara za a lulluɓa.
Na ce sararin sama ne, bai dai iso ba tukuna.

Na kafa shi a bangon gidanmu na Birni.
Ƙanwata Bassira ta diro daga kan turmi
sau goma sha ɗaya,
ni kuma na ɗinka mata fukafukan shamuwa
ta ƙetare duwatsun Damagaram.

Daƙiƙa huɗu ke nan.
Kwana tara ina bin gashinta sili-sili,
ordinater na huci kamar murhun mai ƙosai,
saura ƙiris, kuran ya ɗauke.
Ban zagi kowa ba.
Ƙarya nake, na zaga.

Wani mai shirya fim ya ba ni jikka goma sha biyar
in zubo ruwan sama a kan masoya biyu.
Na zubo, har da walƙiya.
Inna ta leƙo ta kafaɗata,
pamponmu kwana shida ko ɗigo:
"Lawali, kai mai ruwa haka,
ɗebo mana ko guga ɗaya."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.
Na ɗauki jarka biyu na bi layi.
A can na tsaya kallon yadda haske ke karyewa
cikin ruwan da ke zuba a jarkar wani.
Nawa bai yi haka ba.
Yau da dare zan gyara.