Kwana Huɗu Bayan Randa

Ran Lahadi na shiga Kasuwar Daji,
motar Kudu na sauke kaya.
Na sayo nonon ayaba guda,
kore shar, da tauri kamar ƙahon rago.

Inna Tumba ta juya ta a hannu, ta ce:
"Wagga ba ta san Sakkwato ba tukuna,
bar ta ta huce gajiyar hanya."
Ta kai ta bayan randa, inda rana ba ta leƙe,
ta sa mata mangwaro guda nunanne,
ta ja buhu ta rufe.
"Nunanne shi ka koya ma ɗanye nuna."

Litinin Tambari, ɗan ƙanena, ya kasa haƙuri.
Ya ɓallo ɗaya, ɓawo ya ƙi rabuwa da jiki,
ya gatsa, bauri ya ɗaure masa harshe,
ya tofar yana hararata
sai ka ce ni na halicce ta.

Talata kore ya fara janyewa daga tsakiya,
ya maƙale a baki da gindi.
Na ce a ci.
Ta ce wannan ta matafiyi ce,
mai zuwa Illela ko Tambuwal,
ta ƙarasa nuna cikin jaka.

Akwai mai tebur a bakin titinmu,
tasa dare ɗaya take yin rawaya,
hayaƙin kabayid ya yi mata kwalliya.
Ka ɓare, ciki gari,
babu zaƙi, babu ƙamshi.
Inna ko kallonta ba ta yi.

Laraba rawaya ta gama jiki.
Na miƙa hannu, ta buge shi.

Alhamis ƙamshi ya riga ni tashi.
Na ɗaga buhu:
ɗigo-ɗigo a bayanta kamar zabuwa.
Inna ta latsa da babban yatsa, ta ce, "Yau ta."
Ɓawo ya sauka da kansa.
Ita da haƙoranta biyu suka rage,
da harshe ta murƙushe ta,
ta lumshe ido, ba ta ce komai ba.

Ni kuwa na ɓoye guda don Asabar.
Zafin garin nan ba ya riƙon amana:
na tarar ta yi baƙi, ta saki jiki,
ƙananan ƙudaje na zagaya ta.

Inna ta dama ta cikin fura,
ta jefa wa akuya ɓawon,
ta miƙo mini ludayi tana dariya:
"Tambari ya yi gaggawa, kai ka makara.
Sha."