Taku Huɗu a Bilbis

Da igiyar awo na zo, da gwangwanin jan fenti,
takardar ma'aikata a ninke cikin aljihu.
An ce lungun ya matse, motar albasa ba ta wucewa,
a ƙara masa taku huɗu.
Taku huɗu a takarda ɗan zare ne siriri,
a nan kuwa zaure bakwai ne za su kwanta ƙasa.

Na fara da gidan Arzika majemi.
Gindin katangarsa jan dutsen Adar ne
da jakai suka kwaso tun Tawa ba ta san kwalta ba.
A kansa tubali, kowanne dunƙulen hannu,
mai ƙiba a gindi, mai tsini a bisa.

Kakana Shibkau ne ya jera su.
Ba shi da ma'auni sai kamu da taƙi da ido.
Inna ta ce da harshe yake gwada laka,
in ya ji yashi ya tofar, ya ce a ƙaro ramno,
a bar ta ta kwana bakwai tana ruɓa
kamar daddawa, kafin a sa.

Na biyu zauren Malam Nomau, mai daurin guga.
Haƙarƙari huɗu sun taso daga kusurwa,
sun haɗa kai a tsakiya inda aka manna tangaran.
Gara ta gwada haƙori a azarar, ta haƙura.
Ko bazara na cin wuta a waje,
nan ciki sanyin gindin randa ne.
Giginyar da aka tsaga dominsa
a bayan raƙumi ta zo, daga kudu, can nesa.

Na uku ba sauran abin gani.
'Ya'yan gidan sun dawo daga Abijan da kuɗi,
suka sauke zanko, suka ɗora kwano,
bulon siminti ya tsaya ƙerere kamar soja.
Ba na zarginsu, yaɓen kowace shekara akwai cin rai.
Amma da dare a titi suke shimfiɗa tabarma,
ɗakin da suka gina ya koma tandun gasa.

Huɗu, biyar, shida, na shafa jan gicciye.
Buroshi bai yi mini gardama ba.

A na bakwai Kuluwa ce bisa dakali, tana tsinkar zogale.
Ta kare rana da hannu, ta dube ni tsaf:
"Wannan goshin na Shibkau ne.
Shi da cebur ya shigo lungun nan, kai da me ka zo?"
Na ɓoye gwangwani a baya kamar yaro.
Ta ce, "Aje shi, matso kusa."

Ƙarƙashin indararo, inda makuba ta yi duhu,
akwai tafin hannu a nutse cikin bango,
yatsa huɗu da guntu.
Guntun azara ce ta cinye, ranar da aka rufe soron.
Duk kaka takan yaɓe bangon da kanta,
ta kewaye wurin, ba ta taɓa rufe masa.

Na sa hannuna a ciki.
Ya yi mini yawa, kamar takalmin uba.
Nawa hannun biro ne, ko kanta babu,
tsakanin yatsuna da nasa akwai fili
da igiyata ba ta isa.

Kiran la'asar ya taso, fenti ya bushe a buroshi.
Na zauna a dakali na rubuta: awo bai kammala ba.
Na san ranar Litinin za su turo wani,
wanda kakansa bai ɗora ko tubali ɗaya a nan ba.
Kuluwa ta miƙo mini ruwa a ƙoƙo,
ɗanɗanon laka a ciki, na sha,
na zubar da saura a gindin bango, ya shanye ƙasa.